Namiji a Ɗakin Awo

Dutsen bai kai girman kan jariri ba, amma duk ranar Talata shi ne hukuma a ƙofar ɗakin awo. Mace ta iso, ta ɗaga shi, ta ɗora katinta a kan na waɗanda suka riga ta, ta mayar da shi. Ƙarfe takwas Sista Miriam ta fito, ta kifa katunan, na ƙasa ya dawo sama, ta fara kira. Ba a tsallake layi. Matar wani babban ma'aikaci daga Barnawa ta taɓa gwadawa, ta zo da direba da turare, ta ce sauri take yi. Matan suka yi mata caa, sai da ta koma mota ta rufe gilashi.

Asibitin ƙarami ne, tsakanin Barnawa da Makera, kuma Sista Miriam ta girmi fentin bangonsa. 'Yar Filato ce, gajeruwa, mai murya har bakin titi. Shekara ashirin da biyu tana ungozoma, goma sha ɗaya daga ciki tana riƙe da na'urar sikanin masu ciki. Ita ma na'urar tsohuwa ce. Tayarta ɗaya ta karye an tokare ta da bulo, kuma ba ta amsa wutar janareta, sai ta batirin sola, wanda layinsa a ɗakin awo kaɗai ya tsaya. Saboda haka ba ta zuwa wurin kowa. Mai son ta, shi zai zo.

Ranar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Sista Miriam ta sallami mace ta shida, ta leƙo da kati na bakwai.

"Indo Zakariyya'u!"

Ta sake ɗaga murya.

"Indo matar mai walda! Ko barci ya ɗauke ta?"

Lizzy ce ta amsa, wata 'yar Binuwai mai sayar da doya a Trikania, wadda ta naɗa kanta mai gadin dutse tun cikinta na uku, ga shi yanzu tana na biyar.

"Sista, ba ki ji ba? An kawo mijinta ɗazu a keke napep. Wai daga kan ƙarfen tankin ruwa ya faɗo a Mahuta. Ta zubar da jaka ta ruga." Ta nuna jakar a kan cinyarta. "Ni ce ta takwas, amma ba zan shiga ba sai an san inda bakwai ta kwana."

"Ku ba ni minti biyu," in ji Sista Miriam.

A barandar ɗakin gaggawa ta same su. Zakariyya'u na kwance a gado mai taya, dogo siriri, rigar aikinsa a yage, tabon tartsatsin walda duk a damtsensa. Indo na tsaye a kansa da cikinta na fari, wata bakwai, ta riƙe ƙarfen gadon kamar za a ƙwace mata shi. Gefe kuma yayansa ne, Alhaji Nuhu mai sayar da rodi a Tudun Wada, ya ɗaga hoton ƙirjin sama yana hasko shi da taga, yana gyaɗa kai, sai ka rantse shi ya ɗauka.

"Ga shi nan ai," yake cewa. "Haƙarƙari biyu sun tsage. Likita da bakinsa ya faɗa. To tsagewar ƙashi aikin wa ne? Aikin mai ɗori ne. Akwai tsohonmu a hanyar Kachia, shi ya ɗora ƙafar mahaifinmu, shi ya ɗora hannuna. Ya shafa, ya naɗe ƙirjin tam, kwana bakwai ya miƙe."

Dokta Victor, likitan da ke bakin aiki shi kaɗai a ranar, yana riƙe da takardar da ake sa wa hannu idan dangi suka nace sai sun tafi da marar lafiya. Matashi ne mai ƙoƙari, shekararsa biyu da fara aiki, kuma tun safe bai zauna ba.

"Alhaji, na roƙe ku ku bar shi ya kwana, mu sa masa ido."

"Ku sa masa ido? Ido ne zai haɗa ƙashi?"

Sista Miriam ba ta saurari sauran ba. Ƙirjin take kallo. Ɓangaren hagu na tashi yana sauka. Na dama kuwa sai ya ɗan motsa, ya fasa. Ta ƙirga numfashin a zuci, ta duba agogon da ke maƙale a rigarta. Talatin da huɗu a minti ɗaya. Ta taɓa ganin wannan numfashin, kuma ba a asibiti ta gan shi ba, a ɗakinta ta gan shi.

Shekara tara ke nan da mota ta buge mijinta Elisha a kan babur. An yi masa hoto, aka ce ƙirji fes, buguwa ce kawai, a je gida a sha magani. Ita da take ma'aikaciyar lafiya ta yarda da hoton, ta kai shi gida, ta dama masa kunu. Bai ga faɗuwar rana ba. Sai bayan shekara bakwai, a wani kwas na kwana uku a Jos, wata malama ta ɗora kan na'urar sikanin a ƙirjin mutum, ta nuna musu yadda ake gane huhun da ya sace. Sista Miriam ta fita daga ajin ta je bayan gini ta yi kuka mai isarta. Tun da ta dawo, duk Juma'a idan ba mata, sai ta kama mai gadi, ko masu shara, ko ita kanta, ta yi ta gwadawa. Abokan aiki suka riƙa tsokanarta wai ta gama da cikin mata ta koma neman jariri a ƙirjin maza. Ta yi kunnen uwar shegu da su.

Ta ja Dokta Victor gefe.

"Dokta, a kwance aka ɗauki hoton nan?"

"A kwance. Bai iya zama ba."

"Ka saurari ƙirjin?"

"Na saurara. Da ƙarar janaretan nan da nishinsa, kamar ina jin iska a duka biyun. Na ɗauka ciwo ne ya hana shi ja sosai."

"Idan haƙarƙarin ya huda huhu, iska na tsiyaya tana taruwa tsakanin huhun da ƙirji. Mutum na kwance, sama take tasowa ta baje a gaba. Hoton ya bi ta cikinta ya wuce bai gan ta ba."

"Na sani, Sista. Shi ya sa nake so mu sake hoton da yamma, a zaune."

"In abin da nake tsoro ne, ba zai kai yamma ba. Balle a jijjiga shi awa guda a hanya, a je a naɗe masa ƙirji. Ba ni minti uku da shi a ɗakina."

Dokta Victor ya dube ta, ya dubi takardar hannunsa. "Na karanta ana yi. Ban taɓa gani da idona ba."

"To yau ka gani."

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Wannan kaɗai ya isa a yaba masa, don ba kowane likita ne zai ajiye girma ya bi bayan ungozoma ba.

Amma da aka faɗa wa Alhaji Nuhu, sai ya sauke hoton a hankali, ya murtuke fuska.

"Ɗakin me?"

"Ɗakin awo, Alhaji. Can na'urar take, ba ta ɗaguwa."

"Na'urar masu ciki?" Ya waiga kamar yana neman shaida. "Jama'a, ku ji fa. Ƙanina, magidanci, a tura shi cikin mata, a shafa masa man da ake shafa wa masu juna biyu? Gobe ya fita Makera da wane ido? Ai 'yan walda sai sun raɗa wa abin da ke cikinsa suna!"

Abin haushi, shi ma marar lafiyar ya goyi bayan yayansa. Mutum ga shi numfashi na neman gagararsa, leɓe ya fara yin duhu, amma ya sami ƙarfin girgiza kai.

"Ɗakin... mata... a'a, Sista."

"Malam Zakariyya'u," in ji Sista Miriam, ta sunkuya daidai kunnensa, "kunya tana wucewa. Abin da nake tsoro ba ya wucewa."

"Kuma ma," in ji Alhaji Nuhu, ya samo sabuwar hujja yana nuna baranda da hoton, "na ga matan da na shigo. Sun fi ashirin. Kowa a garin nan ya san ba a tsallake musu layi. Mu zauna mu jira har la'asar? Kafin nan mun isa wurin tsoho mun dawo. Likita, kawo takardar."

Indo, tun da aka kawo ta gidansu shekara shida da suka wuce, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Alhaji Nuhu ba. Gaisuwa a durƙushe, amsa a takaice. Yau ta saki ƙarfen gadon, ta juyo.

"Yaya Alhaji, ni ce ta bakwai."

"Me kika ce?"

"A layi. Tun ƙarfe shida na sa katina. An sallami shida, ni ake kira." Ta dube shi ido cikin ido. "Layina ne, ba na kowa ba. Na ba shi."

Ta sunkuya kan mijinta. "Malam, don Allah. Idan ba don ni ba, don wannan." Ta kama hannunsa ta ɗora a kan cikinta.

Zakariyya'u ya rufe ido. Ya buɗe. Ya gyaɗa kai.

Sista Miriam ba ta jira wani ya sake tunani ba. Ta kama kan gadon, Dokta Victor ya kama ƙafa, suka tura. Alhaji Nuhu ya biyo su yana ta faɗa, babbar riga na jan ƙasa. Da suka sha kwanar baranda, matan suka ɗago kai gaba ɗaya. Zakariyya'u ya ja yagaggiyar rigarsa yana neman rufe fuska.

Lizzy ta dube shi, ta dubi Indo, nan take ta gane. Ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu.

"Lamba bakwai ce ke wucewa!" ta ce da ƙarfi. "Oya, kowa ta tashi ta dubi bango. Mutumin nan kunya yake ji. Wadda ta waiwaya, ni da ita."

Ai kuwa suka tashi. Mata ashirin da uku, masu hijabi da masu ɗankwali, masu wata huɗu da masu jiran yau ko gobe, suka juya suka ba hanya baya. Gadon ya wuce ta tsakaninsu ba idon da ya sauka a kansa. Alhaji Nuhu ya tsaya turus. Daga nan ya sunkuyar da kai ya bi bayan gadon har ciki.

Ɗakin ƙarami ne, bangonsa duk hotunan jarirai da na yadda ake shayarwa. Sista Miriam ta yaye rigar, ta matsa man sikanin mai sanyi a ƙirjin, ta juya maɓallin da ke rage zurfin gani, don abin da take nema ba shi da nisa kamar jariri.

"Alhaji, matso nan. Kai ɗan kasuwa ne, ba ka sayen kaya sai ka gani. Zan fara da ɓangaren da yake lafiya."

Ta ɗora kan na'urar a hagu, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya. Allo ya yi haske.

"Ka ga inuwa biyun nan baƙaƙe? Haƙarƙari ne, ɗaya nan, ɗaya nan. Ka ga farin layin da ke tsakaninsu?"

"Na gani."

"Me yake yi?"

Alhaji Nuhu ya ƙanƙance ido. "Motsi yake. Yana zuwa yana dawowa, kamar yadi a ƙarƙashin allurar keken ɗinki."

"Madalla. Huhu ke nan yana gogar bangon ƙirji daga ciki. Muddin yana manne da bangon, duk numfashi sai layin nan ya motsa. Yanzu duba."

Ta ɗaga ta mayar dama, daidai wuri ɗaya. Inuwa biyu suka fito. Farin layin ya fito. Zakariyya'u ya ja numfashi, ya sake ja, ya sake ja.

Layin ko gezau.

Sista Miriam ta gyara riƙon kan na'urar. Ta sauko haƙarƙari ɗaya. Ko gezau. Ta sake saukowa, ta bi gefe zuwa hammata, tana addu'a a zuci da harshen garinsu. Can baya, kusa da inda jikinsa ya taɓa katifa, ta sami abin da malamar Jos ta ce in ka gan shi ka daina shakka: rabin layin na leƙowa yana motsi idan ya ja numfashi, ya koma ya ɓace, sauran rabin a sandare.

"Dokta, ga bakin huhun nan. Iyakar inda ya rage yana taɓa bango ke nan. Daga nan zuwa gaba duk iska ce."

Dokta Victor ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. "Ya Ubangiji," ya ce a hankali. "Ya sace kusan duka."

"Wannan ɗin ya tsaya," in ji Alhaji Nuhu. Muryarsa ta canza. "Sista, me ya sa ya tsaya? Ki sa ya motsa mana."

Kafin ta amsa, ɗan abin auna iskar jini da aka maƙala wa Zakariyya'u a yatsa ya fara ƙara. Lambar da ke jikinsa ta sauko tamanin da biyu. Jijiyoyin wuyansa suka tashi ruɗu-ruɗu, zufa ta karyo masa, idonsa ya fara juyawa. Iskar da ta taru ba ta da mafita, ta fara danne zuciya. Indo ta ɗora hannu a ka ta fara salati.

A nan ne Dokta Victor ya nuna ba a banza ya yi makaranta ba. Ya ƙwala wa nas kira ta kawo oksijin da kayan sa roba a ƙirji, ya fizgi babbar allura daga tiren Sista, ya goge fatar, ya lalubo haƙarƙari da yatsa.

"Alhaji, zan huda. Yanzu."

"Huda, likita! Huda!"

Ya soka.

Fiiiiish! Iska ta fito da ƙara, kamar mai faci ya danna bakin taya. Ta yi ta fita, ta yi ta fita, har Sista Miriam ta ji ta a bayan hannunta. Zakariyya'u ya buɗe baki ya ja numfashi guda, dogo, irin wanda bai samu ba tun da ya faɗo. Tamanin da biyar. Tamanin da tara. Casa'in da biyu.

Ba su motsa shi daga nan ba. A gadon, ƙarƙashin hoton uwa mai shayarwa, Dokta Victor ya kashe masa wurin da allura, ya tsaga kaɗan a gefen ƙirji, ya zura roba, ya haɗa ta da kwalba mai ruwa a ƙasa. Ruwan ya fara ɓul-ɓul-ɓul, duk tari sai ya tafasa. Likitan ya ɗaure zare na ƙarshe.

Sista Miriam ta sake matsa mai, ta ɗora na'urar a dama, inda ta fara ɗorawa. Kawuna huɗu suka haɗu a kan allon. Inuwa biyu. Farin layi. Ya tsaya, ya tsaya, sai ya ɗan girgiza. Sai ya tafi, ya dawo.

"Ya motsa!" Alhaji Nuhu ne ya yi ihun, har hularsa ta faɗi. "Wallahi ya motsa! Indo, kin gani? Allahu Akbar!"

A waje, Lizzy da kunnenta ke manne da ƙofa ta juya ta faɗa wa sauran. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ɗauki waƙar coci, masu hamdala na yi, baranda ta kaure har masu jiran magani suka rugo su ga ko 'yan uku aka haifa.

Alhaji Nuhu ya zame ya zauna a ƙasa, babbar riga da komai. Ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Da yanzu muna hanya," ya ce. "Da yanzu mun wuce Sabon Tasha, ni ina gaba, shi yana baya." Ya share fuska da hannun riga. "Sista, ki yafe mini. Na yi miki rashin kunya a wurin aikinki."

"Ƙaninka kake so, Alhaji. Ba laifi ba ne. Tashi, ƙasan nan ba a goge ba."

Ta juya tana goge kan na'urar, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda yake buƙata. Murna ce ta cika ta, irin wadda ta manta akwai ta, kuma hawaye na zuba ba ta hana su ba. Dokta Victor ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Ranar Juma'a, idan ba mata, za ki koya mini?"

"Ka zo da ƙirjinka. Mai gadi ya gaji da ni."

Aka tura Zakariyya'u ɗakin maza, nas na riƙe da kwalbar ƙasa-ƙasa, Indo na biye. Wannan karon matan ba su juya baya ba, shi ma bai rufe fuska ba, ya ɗan ɗaga musu hannu ma. Sista Miriam ta leƙo tana neman Indo ta ce ta dawo a duba ta, amma Lizzy ta riga ta tare ƙofa da ciki.

"Bakwai ta shiga ta fita, Sista. Takwas ce yanzu."

Dokar dutse ke nan, kuma Indo ba ta ko waiwayo ba. Ranar ba a yi mata awo ba.

Kwana biyar aka cire robar. Kwana bakwai aka sallame shi. Labari kuwa ya riga shi isa Makera, kuma abin da Alhaji Nuhu ya ji tsoro bai fasa faruwa ba. 'Yan walda suka zo dubiya suna tambaya mace ce ko namiji, wani har ya kawo ɗan wandon jariri a leda. Zakariyya'u ya yi dariya har sai da ya dafe haƙarƙari. Wanda ya hana a ci gaba da tsokanar shi ne Alhaji Nuhu, domin duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji bayanin farin layi daga farko har ƙarshe, da yatsa a iska, kamar shi ya je Jos.

Talata ta uku bayan nan, ƙarfe takwas, Sista Miriam ta fito ta ɗaga dutse, ta kifa katunan. Na farko na Indo ne. Na biyu ba ruwan hoda ba ne irin na masu ciki, shuɗi ne, na ɗakin maza.

Ta ɗago kai. Ga shi can a ƙarshen benci, dogo siriri cikin farar riga, mata sun matsa sun ba shi wuri.

"Tun da aka fito masallaci yake nan," in ji Lizzy, ranta a ɗan ɓace don yau har namiji ya riga ta. "Da hannunsa ya sa. Na duba, bai yi maguɗi ba."

Indo ce ta fara kwanciya. Zakariyya'u ya tsaya a bakin gadon, hannu a baya, yana kallon allon da Sista ke nuna masa kai, da ƙashin baya, da wani ɗan abu da ke bugawa da sauri ba hutawa.

"Zuciyarsa ke nan," in ji Sista Miriam. "Lafiya lau. Saura kai, lamba biyu."

Ya cire riga da kansa, ya kwanta inda matarsa ta tashi. Man ya taɓa shi ya ɗan zabura don sanyi. Sista ta ɗora na'urar a dama. Ta karkato masa allon, domin ranar farko kowa ya gani ban da shi.

Inuwa biyu, da farin layi a tsakani, yana tafiya yana dawowa.

"Shi ke nan?" ya ce. "Ɗan wannan?"

"Ɗan wannan."

Ya ja numfashi da gangan, layin ya tafi. Ya saki, ya dawo. Ya sake ja. Indo na gyara mayafi tana murmushi, hannu ɗaya a kan ciki.

Aka buga ƙofa. "Sista! Lamba uku na nan fa!"

Sista Miriam ta fara ɗaga hannu, sai Zakariyya'u ya ce, idonsa na kan allon, "Don Allah, Sista, bar shi kaɗan. Bari in ƙara ja ɗaya."

Ta bar shi.